Hannun Umma a Gwiwar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka a ƙasar mutane, ya shirya mana zuri'a. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Jikin Umma yana ta kyau, aikin da aka yi mata a ƙugu ya karɓe ta. Jiya har ta taka daga gado zuwa bakin taga da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, tana tafe tana yi wa ma'aikaciyar jinya faɗa wai ta cika riƙe ta sai ka ce jaririya. Likita ya ce in Allah ya yarda ranar Asabar ta sama za a sallame ta. Maigidana yana gaishe ka, shi ke fama da yara a can gida, don tun ranar da Umma ta zame a banɗaki na tattaro 'yan kayana na dawo ɗakinmu na da saboda Baba. Har yanzu tagar ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, kuma littattafanka na makaranta suna nan a saman kabad sun sha ƙura.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. Dalili biyu ne. Na farko, kunnen Baba ba abin da yake wuce shi a gidan nan, ko a kicin na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake magana. Na biyu kuma, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, a waya ba ka barina in kai aya. Da na ambaci motar Baba sai ka tare ni da cewa na fara, daga nan kuma sai ka ce aiki yana kiranka. Takarda dai ba za ka iya katse ta ba. Abokin aikinka da ya zo ganin gida zai taso gobe, ya kuma yi mini alkawarin zai danƙa maka ita hannu da hannu ranar Lahadi da safe, kafin lokacin da ka saba kiran Baba. Za ka ji ambulan ɗin da ɗan nauyi. Don girman Allah kada ka zazzage abin da ke ciki sai ka karanta har ƙarshe. 

Baba ba ya gani, Yaya. Ba irin rashin ganin da tabarau yake gyarawa ba, wanda suka gaya mana shekara biyu da suka wuce da suka dawo daga asibitin ido shi da Umma suna dariya. Na tsinci katin asibitin a jakar Umma, na je da ƙafata na sami likitan. Da ya ji ni 'yarsa ce, sai ya naɗe wata takarda ta zama kamar bututu, ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa ta ciki. Ya ce iyakar abin da Baba yake gani ke nan da idon hagu, na dama kuwa bai kai haka ba. Hawan jinin ido ne, ya cinye gefe da gefe, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ce tun a wancan zuwan ya gaya musu a gaban juna cewa Baba ya ajiye tuƙi, har ya rubuta a katin. Na ga rubutun da idona. Na fito daga ofishin na zauna a kan benci na yi kuka sai da wata mai shara ta zo tana tambayata ko rasuwa aka yi mini.

Za ka ce to ta yaya mutumin da ba ya gani ya shekara biyu yana tuƙi ko kaza bai taka ba. Ni ma abin da na tambayi kaina ke nan. Kwanakin farko da aka kwantar da Umma, daga makarantar da nake koyarwa nake wucewa asibiti a bas in tarar Baba ya riga ni, don haka ban kawo komai a raina ba. Sai ranar Asabar ta farko da ba ni da aji, na ce bari in bi shi. Na shiga gaba, kujerar Umma. Tun daga bakin layi na lura yana ta matso da gwiwarsa wajena, ya mayar, ya sake matsowa. Na ɗauka ciwon ƙafa ne. Leɓensa kuma yana ta motsi, na ɗauka tasbihi yake yi, ashe tuddan nan na rage gudu yake ƙirgawa don ya san inda muke. Da muka iso mahaɗar kasuwa danja ta nuna ja, motoci duk sun tsaya, Baba ko rage gudu bai yi ba. Ga wata mata da goyo a baya, tana jan wani ƙaramin a hannu, ta riga ta kai tsakiyar titi. Ihun da na yi ban san ina da irinsa a cikina ba. Ya taka birki, gaban motar ya bugi jakar da ke hannunta, kayan miyarta suka watse a kan kwalta. Mutane suka yanyame mu suna dukan motar da tafin hannu, furfurarsa ce kawai ta cece mu. Da muka wuce, abin da ya ce da ni shi ne danjar nan tun bara ta lalace, kuma ni ban iya zama a gaban mota ba.

Da muka isa asibiti na jira ya fita salla, na ja kujera na tsare Umma da tambaya. Da farko ta juya fuska bango ta ce barci take ji. Da ta ga ba zan tashi ba sai ta fashe da kuka ta gaya mini komai. Yaya, ka tuna yadda Umma take ɗora hannu a gwiwar Baba in yana tuƙi? Ka tuna zuwanka na ƙarshe da muke zaune a baya muna ƙyafta wa juna ido, har ka ɗauke su hoto ka ce soyayyar tsufa ta fi ta yara daɗi? Ba soyayya muke kallo ba, ko kuma in ce ita ce, amma ba irin wadda muka zata ba. Umma ce idonsa. In ta matse gwiwar, ya tsaya. In ta ɗan buga sau biyu, ya tafi. In ta ja wandonsa ta nan ko ta can, akwai abu a wannan gefen ya kauce. In kuwa mutum ne ya shigo titi, sai ta mintsine shi da ƙarfi, har ta bar farcen babban yatsanta ya yi tsawo saboda haka. Su biyu suka tsara abinsu a tsakar gida, suka gwada a filin bayan makaranta har ya zauna musu. Matar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ita ta shekara biyu tana tuƙa mota da gwiwar mijinta, mu kuma muna yi musu dariya.

Na tambaye ta ko ba ta ji tsoron Allah ba, ga rayukan mutane a titi. Ta ce kullum da tsoron take kwana take tashi. Amma ta ce in tuna yadda Baba ya koma lokacin da ya ajiye aikin bas, wata huɗu yana kwance a falo ba ya ko aske gemu, sai da ka aiko da motar nan ya miƙe ya koma mutum. Ta ce ita ta san mijinta, ranar da aka raba shi da sitiyari ranar zai kwanta, kuma ba lallai ya sake tashi ba. Ta kama hannuna ta roƙe ni kada in gaya maka, wai kada ka ji kyautarka ta zama fitina. Ban dai ɗauki alkawari ba. Ga shi yau na gaya maka, in ta ji ta yi fushi da ni, ta hau layi bayan Baba.

Tun daga ranar babu kalar lallashin da ban yi ba. Na nuna masa bas ɗin da ke tsayawa a bakin layinmu, kai tsaye har ƙofar asibiti, ko canji babu. Ka dai san Baba da maganar bas. Shekara talatin da huɗu yana tuƙa ta a cikin gari, har abokan aikinsa suka sa masa Ba Ƙwarzane, takardar yabon tana nan a bangon falo yana goge ta da hannun riga duk safiya. Amma a wurinsa bas kujera ɗaya gare ta, sauran duk na bayin Allah ne da ba su da yadda za su yi. Ya ce shekara talatin da huɗu yana kallon fuskokin fasinja ta madubi, ya san yadda mutum yake komawa in an shanya shi a rana yana jiran ikon wani, kuma tun yana saurayi ya yi wa kansa alkawarin ba za a ga tasa fuskar a wannan madubin ba. Ya ce yaran da ya koya wa riƙon giya su ne yanzu a kan sitiyari, ba zai hau su tashi suna ba shi kujerar tsofaffi ba. Na ce to motar haya, ya ce shi ba kaya ba ne da za a loda a baya. Na samo direba, magidanci mai hankali, kwana ɗaya ya yi Baba ya sallame shi wai ƙafarsa ba ta sauka daga kan kuloci. Ni kuma ban iya ba, kai kaɗai ya koya wa, ni ya ce in bari sai na girma, ga shi har na fara furfura.

Kai ma kuma, Yaya, ka ƙara wa wutar fetur ba ka sani ba. Duk Lahadi sai ka gaya masa muddin kana numfashi ubanka ba zai tsaya a bakin titi yana ɗaga wa mota hannu ba. Da ka ajiye waya sai ya juyo ya maimaita mini, yana jijjiga makulli. Wallahi maganar tana yi mini ciwo. Shekara goma sha ɗaya ina hawa bas biyu kowace safiya zuwa makaranta, biyu kuma in dawo, ba abin da ya ragu a jikina. A ciki nake duba rabin littattafan yara. Na san mai sayar da jarida da ke sauka a gada, na san tsohuwar da ke kai jikarta gashin ƙashi duk Laraba, in ban hau ba kwana biyu sai an tambayi ko lafiya. Akwai zafi, akwai matsi, akwai ranar da za ka yi awa guda a tsaye wani yana taka maka ƙafa, ban ce aljanna ce ba. Amma ban taɓa sauka ina tunanin ko na kashe ɗan wani ba. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, Anti ta gaya mini motarka a ƙofar gida take wuni, jirgin ƙasa kake hawa zuwa aiki kana karatunka hankali kwance, har kana cewa ba abin da ya fi shi hutu. Abin da ya zama hutu a wurinka, don me ya zama abin kunya a wurin Baba?

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don ban fito da tsabta ba. Da lallashi ya ƙi, na je wurin bakanikensa, Kawu Mai Sifana, na gaya masa halin da ake ciki. Ya riƙe baki, daga baya ya zo da rana Baba yana barcin azahar ya zare fiyus ɗin famfon mai. Shirinmu shi ne in motar ta ƙi tashi a kira shi, ya duba ya ce wani ƙarfe ne ya mutu sai an yi odarsa daga nesa. Mun manta da wa muke yi. Washegari Baba ya murɗa makulli, ya karkata kai, ya ce bai ji kukan famfo ba. Ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari yana lalube da yatsu, ya sami gurbin da babu komai, ya zare fiyus ɗin rediyo ya cusa a wurin. Ko minti biyar bai yi ba motar ta tashi. Ya leƙo ta taga ya ce fiyus yana ƙonewa, amma bai taɓa jin wanda ya yi ƙafa ya fita da kansa ba. Daren ranar ya kira ka, ka san sauran. Ka ce na ci amanar ubana, ka ce in motar nake so in faɗa a saya mini tawa. 

Sau ɗaya tak ya hau bas, shi ma don Umma ta rantse ba za ta sa komai a bakinta ba sai ya zo mata a ciki. Ya sa kayansa masu kyau, ya fesa turare, muka tsaya a bakin layi yana ta huci. Allah da ikonsa, wadda ta zo Dogo ne a kan sitiyari, wanda yake zuwa gidanmu da can yana wanke wa Baba mota don a koya masa ribas. Yana ganinmu ya ja birkin hannu ya sauko da gudu ya durƙusa. Ya ɗaga wani daga kujerar bayan direba ya zaunar da Baba, ya juya ya gaya wa duk motar cewa yau Ba Ƙwarzane ne da kansa a ciki. Yaya, da ka ga ubanka! Ba mu yi nisa ba ya fara kiran sunan kowace tasha kafin a iso, ido a lumshe. Ya yi wa Dogo faɗa wai yana sa giya ta uku da wuri, ya ce tayar baya ta dama iskarta ta yi ƙasa, Dogo ya rantse haka ne tun safe yake jin ta. Fasinja suna ta dariya, wata mata ta ce a bar shi ya karɓi motar. Rabon da in ji dariyar Baba irin ta ranar tun kafin Umma ta faɗi. A raina na ce shi ke nan, Allah ya kawo mana mafita.

Da muka iso asibiti mutane sun cushe a ƙofa. Baba ya miƙe yana laluben ƙarfen riƙewa, hannunsa yana kama iska. Kwandastan baƙo ne, bai san kowa ba, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ya yi. Ya ɗaga murya ya ce a matsa a ba makaho hanya ya sauka.  Dogo ya taso kamar zai mare shi, Baba ya ɗaga hannu ya hana. Ya fizge hannunsa daga nawa, ya ce zai sauka da kansa, ya kuskure matakalar ƙarshe ya zube a kan gwiwoyinsa a gaban mutane. Ya tashi ya karkaɗe wando. A ɗakin Umma bai yi minti goma ba. Da za mu koma ya ce ko bas ko motar haya ba zai shiga ba, a ƙafa muka taho, awa ɗaya da rabi cikin rana, yana gaba ina binsa. Da muka shiga gida ya wuce kai tsaye ya zauna a cikin motarsa, ya rufe ƙofa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu har aka kira magariba.

Ranar Talatar nan da ta wuce na dawo daga makaranta na tarar da motar a tsakar gida, madubin gefen dama ya karye yana reto. Na tambaye shi, ya ce wata ƙila wani mai babur ne ya goge shi a wurin ajiye motoci. Na sunkuya in ɗaure madubin da igiya, sai na ga wani ɗan ƙyalle ya maƙale a tsagar ƙarfen. Shuɗi ne mai ƙananan layuka farare, da ɗinkin bakin hannu a gefe ɗaya. Yaya, ni malamar makaranta ce, ko a mafarki na ga wannan yadin na san shi. Hannun rigar makaranta ne, kuma na ƙaramin yaro. Na zauna a ƙasa a gindin taya. Makarantu uku ne a kan hanyar asibiti suke sa irin wannan. Washegari na nemi izini a wurin aiki, na hau bas ina sauka a kowace tasha, ina tambayar masu shaguna da masu faci ko jiya mota ta buge wani yaro. Duk wanda ya ce bai ji ba sai in ji sanyi, in na hau mota kuma tsoron ya dawo sabo.

A makaranta ta uku shugabar ta ce e, akwai wata 'yar aji uku da ta koma gida jiya da yagaggen hannun riga. Ta aika aka kira ta. 'Yar siririya ce mai wushirya, an naɗe mata hannu da bandeji daga gwiwa zuwa kafaɗa. Ta ce tana tafe a gefen titi da ƙawarta, ko kan kwalta ba su hau ba, wata farar mota ta taho a hankali ta gefensu kamar ba ta ga mutane ba, ta fizge ta ta yar a cikin kwata. Ta ce tsoho ne a ciki, kuma ko waiwayowa bai yi ba. Ƙashi bai karye ba, Allah ya tsare. Shugabar tana ta tsine wa direban, tana cewa wasu ba su da imani, ta kuma tambaye ni yadda aka yi na sani. Na ce a bas na ji ana maganar. Ƙyallen yana cikin jakata a lokacin, na danne jakar da hannu biyu. Yarinyar ta yi mini murmushi ta ce Malama ya daina zafi. Taku ɗaya ne tsakaninta da taya, Yaya, taku ɗaya.

Da yamma na durƙusa a gaban Baba na gaya masa duka, na sa masa ƙyallen a tafin hannu. Ya daɗe yana murza shi da yatsu. Sai ya miƙo mini ya ce wadda ta iya haɗa baki da bakanike a zare fiyus, ba zai yi mata wuya ta yago ƙyalle a makarantarsu ta ƙago yarinya ba. Ya ce shekara hamsin yana tuƙi bai taɓa zubar da jinin kowa ba, ba kuma ni zan shafa masa a tsufansa ba. Ka ga abin da ƙaryata ta farko ta jawo mini, yanzu da na zo da gaskiya ba ta da mai saye. Na ce ya zo in kai shi ya ga yarinyar, kalmar gani tana fita daga bakina na yi da na sani. Ya tashi ya shige ɗaki. Tun daga lokacin ko gaisuwata ba ya amsawa, abinci ma sai na ajiye na fita yake ci.

Ga abin da ya hana ni barci. Ya rantse ranar Asabar ta sama shi zai ɗauko Umma daga asibiti a motarsa, ba wanda zai kawo masa matarsa gida yana raye. Umma kuma, da ba ta san labarin yarinyar ba don likita ya ce a kiyaye hawan jininta, ta ce ba komai, a zaunar da ita a gaba hannunta ai lafiyarsa ƙalau. Matar da maganin ciwo yake sa ta gyangyaɗi tana cikin magana! Jiya da safe yana wanka na shiga ɗakinsa na ɗauke makullin daga ƙarƙashin matashi, na haɗa da na ajiya da ke cikin gwangwanin allurar Umma. Na san sata ce, na kuma san a gidan da aka haife ni na yi ta. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai faɗa wa bango, yadda zan ji, cewa mota ɗansa ne ya saya masa, ranar Lahadi zai ji daga bakin mai ita, ranar Litinin kuma mai yankan makulli zai zo. Ka san zai aikata.

Don haka komai ya dawo hannunka, Yaya. Ni na ƙare, ba ni da sauran dabara, ba ni da sauran daraja a idonsa. Kai kaɗai yake ji. Ba na so ka yi masa faɗa, ba na so ka ambaci makanta, ya riga ya ji ta a bakin baƙo. Ka gaya masa da bakinka cewa ya isa haka, ya yi tuƙin da ba wanda ya yi irinsa, ya ajiye sunansa da kyansa. Ka gaya masa kai ma jirgi kake hawa kullum tare da manyan mutane, ba wanda ya raina ka. Ka janye maganar nan ta bakin titi, don ita ya riƙe kamar igiya. Dogo ya zo har gida sau biyu, ya ce kujerar bayansa ta Baba ce duk ranar da ya so, kuma yana da sababbin direbobi da ke bukatar kunne irin nasa. Wata ƙila in kai ka faɗa ya saurara. Wata ƙila kuma abin da Umma take tsoro ya faru, ya kwanta ya ƙi tashi, ban ɓoye maka ba wannan ma yana cikin abin da nake kuka a kai. Amma gara in yi jinyar ubana yana fushi da ni, da in je gidan mutane gaisuwar ɗan da ya taka bai ko sani ba.

In kuwa ka karanta duk wannan har yanzu kana ganin sharri nake yi masa, to ga makullan nan biyu a cikin ambulan ɗin da ke hannunka. Kada ka aiko da su, kada ka ce a yanka wani. Ka hau jirgi ka kawo su da kanka, ka sa masa a hannu, ka buɗe gaba ka zauna a kujerar Umma, ka ga yadda zai matso maka da gwiwa.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ta yafe mini tona asirin jirgin ƙasa, matsuwa ce ta sa. Ka shafa mini kan 'yan biyu, da Sarkin Surutu, ka ce Gwaggo ta ga zanen da ya aiko ta manna a bango. Umma tana gaishe ku, kullum sai ta sa an nuna mata hotunan yara. Kawu Mai Sifana ma ya ce a gaishe ka, kunya ta hana shi zuwa gidan. Gaisuwa ta musamman ga 'yar farinka, takwarar Umma, na lissafa bana ita ma aji uku take. Yanzu ka zazzage ambulan ɗin. Kafin ka ɗaga waya ka kira Baba, ko ka kira ni ka yi mini faɗa, ka fara kiranta ta zo kusa da kai, ka ɗora ƙyallen nan a kan hannun rigarta, ka ga ko bai yi daidai ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Taka har kullum,
ƙanwarka, Autar Umma